Furanni Bakwai a Ɗaki Mai Gado Goma Sha Biyu

Gado ɗaya krona ɗari biyu a kuɗin ƙasar, har da karin kumallo. Abin da Sixten ya gani ke nan ya kama musu wuri a wani masauki a tsibirin Gotland, bai tsaya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa ba, inda aka ce kiɗa ba ya tsayawa a gidan. Araha dai ba ta ado.

Ƙarfe huɗu na yamma suka iso, shi da budurwarsa Gunvor, kiɗa har yana girgiza tagogi. Tindra, mai kula da masaukin, ta dube su, ta dubi takarda, ta sake dubansu.

"Kun tabbata nan kuka nufa?"

"Nan ne!" in ji Sixten da ƙarfi. Gunvor kuwa ko gezau, sai murmushi. Gadajen masu hawa biyu ne, sai Tindra ta ba su na ƙasa a ɗaki mai gado goma sha biyu, ba tare da sun roƙa ba.

Ba kiɗan ne ya dami Sixten ba tukuna. A jirgin ruwa, suna tsaye a sama iska na kaɗa su, ya yi ta maza bayan wata takwas yana haɗiye maganar. Kunya ta hana shi kallonta, sai ya faɗa wa teku: "Gunvor, za ki aure ni?" Ta gyara gashinta, ta jefa wani ɗan akwati a aljihu, ta ce, "Yau zan tsinki furanni bakwai, ka sani."

Ya sani mana. Ranar bikin tsakiyar bazara ce. Mace ta tsinki furanni iri bakwai bakinta a rufe, ta sa ƙarƙashin matashi, wanda ta gani a mafarki shi ne mijin. Wato amsarsa tana cikin barcinta. In ba barci, ba mafarki, in ba mafarki, ba amsa. Shi kuma da hannunsa ya kawo ta gidan da ba a taɓa barci a cikinsa ba.

Ta fita bayan gida ta tsinko furanninta, ta ɗaga masa hannu, ta shige ɗaki rana na nan garau. Sixten ya nufi wurin Tindra ya roƙe ta ta kashe kiɗa, don Allah ya sani yana son matar nan fiye da yadda ya iya faɗa.

"A kashe kiɗa? Yau?" Tindra ta riƙe ciki don dariya. "Ka tafi gidan kifi ka ce wari ya dame ka!"

Ya ba ta labarin duka. Sai ta haye tebur. "Jama'a! Muna da ango! Amma shiru ba kyauta ba ne!"

Suka yanka masa sharaɗi: rawar kwaɗi sau uku kewaye da wata doguwar sandar biki da aka kafa, aka yi mata ado da ganye. Sixten ya durƙusa, hannu a baya, ya yi ta tsalle yana kukan kwaɗi, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Aka cusa masa kifi mai tsami da dankali. Aka ɗora masa rawanin furanni, ya karkace, aka gyara, ya sake karkacewa.

Sai Tindra ta zare wayar kiɗa.

Mutum arba'in suka tuɓe takalma. Rawa ba ta tsaya ba, sai dai babu kiɗa: ana juyi da safa a kan ciyawa, ana waƙa da leɓe kawai, kwalba ma sai an lulluɓe ta da bargo ake buɗewa. Wani dogo ya yi atishawa, mutum shida suka ɗauke shi cak suka jefa a teku, ya faɗa yana toshe bakinsa. Dariyar da aka danne ta fi ta fili ciwo, har wasu na birgima suna cizon riga. Duk wanda ya wuce Sixten sai ya raɗa masa, "Ango, ana nan ana mafarkinka." Mutum goman da ke da gado a ɗakin suka kwana a waje, kada ƙofa ta yi ƙara.

Da safe gidan duka ya taru a teburin karin kumallo, idanu jajur. Gunvor ta fito fes, furannin a hannunta sun yamutse. Sixten ya miƙe da ƙyar.

"Wa kika gani?"

Ta dubi bakinsa, ta ɗaga masa yatsa ɗaya. Ta ciro ɗan akwatin nan, ta ɗage gashinta, ta saƙala na'urar jin magana a bayan kowane kunne.

"Yauwa. Tun a jirgi na cire su saboda iska, shirun ya yi min daɗi na ƙi mayarwa. Wata takwas ina ɓoye maka, yau asirina ya tonu. Me ka ce?"

"Mafarkin! Amsar tambayata, ta aure!"

"Aure? Yaushe ka tambaya?" Ta kama kumatunsa tana dariya har da hawaye. "Haba Sixten, furanni kowace shekara nake tsinka. Mace mai shekara tamanin da ɗaya za ta tsaya jiran mafarki? Da kunnuwana suna jikina, ai da tun a jirgi na ce na yarda!"