Rezar da Ke Jakar Yaya

"Wata biyar ke nan ba ta ga al'ada ba," na ji Mama tana raɗa wa Gwaggo a kicin. "In Babansu ya ji, ta gama kwana a gidan nan."

Yayata suke nufi. Ni kuwa na san abin da ba su sani ba. Na ga rezar aske gemu a jakarta. Ran nan kuma na ji muryar namiji yana kuka a ɗakinmu, ƙofa a kulle. Na ja bakina na tsuke. Yaya ma ta daina magana sai raɗa, kullum fuska cikin takunkumi.

A ɓoye Mama ta kai ta asibiti, na bi su. Likita ta daɗe tana kallon hoton cikinta da aka ɗauka.

"Ba ciki ba ne, Mama. Ƙari ne a saman ƙodarta, yana zuba mata sinadarin maza a jini. Ana iya cire shi. Sauke takunkumin in gani."

Yaya ta sauke. Gashi ne baƙi ƙirin a haɓarta.

Na matsa kusa.

"Yaya, wanda na ji yana kuka ran nan, ke ce?"