Yashi a Bakin Zani

Tun da aka shimfiɗa titin santsi a garinmu ba mai taka shi da ƙafa. Ka zauna a faranti, a tura ka sau ɗaya, ba tsayawa sai tashar da hukuma ta kafa. Unguwar ƙawata Talatu ba tasha, ga shi kwananta uku ba ta ko shan kunu.

Ina neman mayafina, jikata Zinaru ta tare ni da littafi.

"Kaka, duba min aikin gida. An tura akwati a titi, a ina zai tsaya? Na rubuta: inda aka ba shi izini."

"Wa ya koya miki?"

"Malaminmu. Ya ce gogayya, wato gugar da ke tsayar da abu, cutar mutanen da ce, an kawar da ita."

Shekara talatin ina koyar da darasin nan, ina ce wa yara su ɗauka babu gogayya don lissafi ya yi sauƙi. Ashe da masu saurarona da gaske.

"Taso mu je, uwar masana."

Muka hau faranti. Wata akuya da ta zame a titin tun Laraba ta wuce mu. Ta daina kuka.

Daidai ƙofar Talatu na kunce bakin zanina, na watsa yashin da na ƙulle a ciki, wanda hukuma ta haramta. Farantin ya yi ƙara, ya tsaya cak.

Zinaru ta ƙanƙame ni. "Kaka, wa ya ba mu izini?"

Na ce, "Goge amsarki. Sannan kama ni in sauka, ina jiyo tarin Talatu."