Jawabin Mai Baƙin Sulke

Jumma'a ta ashirin da bakwai ke nan suna haɗuwa bayan la'asar a shagon cajin waya na Bilyaminu, kusa da tashar Tambuwal, kuma yau ne wasan zai ƙare.

Wasan Japanawa ne mai dogon labari, a cikin wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi. Bilyaminu ke danna maɓallai. Tambaya ɗan kabu-kabu ke ba da shawarar da ba a nema ba. Jumare kuwa daga Kebbe yake tahowa bisa babur kowane mako, duk da munin hanya. Da Turanci maganganun wasan ke fitowa, saboda haka aka naɗa Haliru tafinta, domin shi kaɗai ya kammala sakandare. Bai taɓa ƙara kalma ko rage ta ba. In wata ta gagare shi, sai a tsayar da yaƙi ya buɗe ƙamus.

Mugun labarin, wanda suka laƙaba wa Mai Baƙin Sulke, wan jarumin ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya ƙone garinsu tun a farkon wasa. Kowa na tsine masa, amma tsinuwar Jumare daban ce. Kakar bara wuta ta cinye dammunan geron mahaifinsu kaf a gona, aka iske wansa Na'iya shi kaɗai a wurin, riga a babbake. An san shi da cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Ya yi rantsuwa, ba wanda ya saurare shi. Tun ranar Jumare bai sake kiransa Yaya ba. Jibi Lahadi Na'iya zai hau motar Kudu, kuma ya shaida wa mahaifiyarsu cewa ba ci-rani zai je ba, tafiya ce ta gaba ɗaya.

Haliru ya san duk wannan. Kowace shekara yakan je taya su girbi, sai bara da ya dawo da kumburarriyar fuska da zazzaɓi. Daga nan bai sake taka Kebbe ba.

Makon jiya Jumare ya nuna gilashin da yatsa ya ce, "Irin su ba su tuba. In wanga ya mutu yana dariya, to na samu amsata a kan Na'iya."

Shi ya sa ranar Laraba Haliru ya karya dokarsu ta farko: ya leƙa ƙarshen wasan a wayarsa. Mai Baƙin Sulke yana dariya ya mutu. Kwana biyu Haliru bai ci abincin kirki ba.

Bilyaminu ya kai saran ƙarshe, mugun ya durƙusa, sulken ya tsage. Rubutu ya bayyana a ƙasan gilashi. Fuskoki uku suka juyo.

"Mi yac ce, Alaramma?" in ji Tambaya, da sunan da suke tsokanar Haliru da shi.

Haliru ya matso kusa. Idonsa na kan gilashi ya fara magana.

"Cewa ya yi: ƙanena, ba ni na sa wutar ba. Hayaƙi na hango daga nesa, na sheƙo da gudu. Na tuɓe rigata ina bugun ta, sai iska ta juya ta fi ƙarfina. A nan kuka iske ni. Wanda ya sa ta matsoraci ne, ya gudu ya bar ni da sunanta."

Shagon ya kaure da hayaniya. Tambaya ya fyaɗa hularsa da ƙasa. "Ƙarya na! Wanga da yak kashe muna maharbiya?"

"Subhanallahi," in ji Bilyaminu, hannu bisa kai. "Wata shidda muna zagin bawan Allah. Kai, Japanawa ba su da imani!"

Nan take gardama ta ɓarke a kan wane ne maci amanar. Tambaya ya rantse tsohon bokan nan ne, domin tun farko bai yarda da gemunsa ba. Jumare kuwa ya daɗe yana kallon mutumin da ke durƙushe, sa'an nan ya ɗauki mabuɗin babur.

"Ba ka tsayawa ka ga ƙarshe?" in ji Bilyaminu.

"Akwai wanda za ni gani."

Da ƙarar babur ta ɓace, Bilyaminu ya dubi Haliru a kaikaice. "Alaramma, layi biyu nig gani, kai ko huɗuba ka yi."

"Turanci gajere na," in ji Haliru. Kalmomin suka yi masa nauyi a baki. Waɗannan mutane sun ba shi kunnuwansu amana, ya saka musu abin da ba a rubuta ba.

Da hantsin Asabar waya ta shigo. Jumare ne. Yaya ya kwance kayansa, ya fasa tafiya, Inna sai kuka take yi.

"Haliru, na zauna na saurare shi, karo na farko. Wallahi abin da Mai Baƙin Sulke yaf faɗi, shi yaf faɗa mani, har juyawar iskar. Yanzu saura mu san matsoracin."

"Za ku sani," in ji Haliru. "Kada ku fita, gani nan tafe."

Ya sa rigarsa ta Jumma'a, ya iske Tambaya a tasha, ya ce ya kai shi Kebbe. A hanya Tambaya bai daina yabon marubutan Japan ba, yana mamakin yadda mutum zai zauna ya ƙago irin wannan jawabi.

Haliru bai ƙago kome ba. Duk da idonsa ya gani, daga bayan kukar da ya laɓe, ranar da ya hau ɗibar zuma da rana tsaka irin ta ɗan birni, ƙudan suka rufe masa fuska, ya saki bakin wutar da yake korarsu da shi a kan dammunan gero.