Gora Mai Murfin Zinare

A yi mini afuwa, wannan ne labarina na farko.

"Wata uku rabona da maganin hawan jini," in ji Baba, yana ɗaga gora mai murfin zinare. "Ruwan nan ya warkar da ni. Auna ni a gaban kowa!"

Mai tallan ruwan ya ɗaura masa na'urar awon jini. Autar Baba tana raɓe a bakin ƙofa. Awo ya fito daidai, falo ya kaure da tafi.

Gwaggo, wadda jininta ya fi na Baba hawa, ta watsa magungunanta cikin kwandon shara. "Ni ma na huta! Ba ni katan guda, ko nawa ne."

"Gwaggo, da kin dakata tukuna..."

"Ke, rufe mana baki! Kin fi ubanki sani ne?"

Auta ta ja da baya. In ta faɗi gaskiya, Baba ba zai ƙara karɓar ruwa daga hannunta ba, domin kullum da safe ita ke daka ƙwayarsa, ta narkar a gorar.

Ana ta rububin katan, ta tsince magungunan Gwaggo, ta sulale. Daga gobe, gora biyu ke jiranta.