Ƙararrawar Farin Keke

"Dezső, yanzu daga bola za ka kawo wa 'yarka keke?" in ji matata, ina tsaka da kankare farin fentin da ke jikinsa.

"Rufa mini asiri, Ilka. Yau ranar da kowa ke fitar da tarkacensa bakin titi ce, a gefen tulin na gan shi. Ƙirar dā ce, ƙarfe na gaske."

Na zubar da busassun furannin da ke kwandonsa, na shafa wa keken jan fenti. 'Yata Boglárka kuwa na ce mata sayowa na yi, kada a yi mata dariya a makaranta.

Washegari ta hau keken zuwa makaranta, na raka ta saboda tsoron motoci. A kwanar da na ɗauko keken muka tarar da wata tsohuwa riƙe da furanni, tana ta dube-dube.

"Kaka, lafiya?" in ji Boglárka.

"Nan mota ta kashe mijina, 'yar nan. Kekensa muka shafa wa fari muka ajiye don tunawa. Jiya wani marar imani ya ɗauke."

"Allah wadai!" in ji Boglárka. "Ni Babana ne ya saya mini nawa. Ji ƙararrawarsa!"

Ta kaɗa. Tsohuwar ta daskare. Ta dubi ƙararrawar, ta dubi jan fentin da ke farcena. Na kasa ɗaga kai.

Sai tsohuwar ta sa furannin a kwandon keken.

"Babanki ya iya zaɓe," ta ce. "Ki riƙa biyowa ta nan kina kaɗa mini ita."