Ƙwayar da Ba Ta da Tsaga

Kausara ta tarar da Zaharaddini a inuwar ginin da yake yi wa fulasta a unguwar Jadid. Ba ta mayar masa da murmushinsa ba. Tafin hannunta kawai ta buɗe, ga wata farar ƙwaya.

"Yau likita ya ce in fara rage maganin damuwata, in riƙa raba ƙwayar biyu ta kan tsagarta. Wannan ba ta da tsaga. Mai kantin magani ya duba, ya ce bitamin ce."

Shi ne ke sayo mata maganin tun da suka fara zancen aure. Ya sunkuyar da kai yana kankare siminti daga farcensa.

"Yayana Saley ne ya rantse ba zai kai goro gidan mai shan maganin ƙwaƙwalwa ba. Na ce bari in musanya maganin da bitamin, in nuna masa lafiyarki ƙalau. Ga shi kuwa, Kausara, ba abin da ya same ki."

"Ba abin da ya same ni?"

Jirin da ya kayar da ita a bakin murhu, da rashin barcin, da kukan da ta yi a gabansa, duk suka dawo mata a rai.

"Ranar da na ce maka ina tsoron kaina, me ka ce mini?"

Ya ci gaba da kankare farcensa. Ta ajiye ƙwayar a kan bulo, ta gyara mayafinta.

"Cewa ka yi in daure in sha maganina. Har ruwa ka miƙo mini."