Damin Ciyawar da Aka Bari a Gindin Amya

Jami'ar binciken gobarar daji ba ta ɗago kai ba da mai zuma ya yi sallama a ofishinta. Ƙaurin hayaƙi bai bar mayafinta ba, kwana biyu suna fama da wutar da ta cinye rabin gandun dajin.

"Ranki ya daɗe, yau ko kallo ban samu ba?" ya ce yana murmushi. "Jibi fa su Kawu za su je neman aurenki."

Ta jawo aljihun tebur, ta dire masa guntun damin ciyawa, rabinsa a ƙone, ɗaure da shuɗiyar igiyarsa. A gindin bishiyar da ya rataye amyarsa ta tsince shi, daidai inda wutar ta faro.

"Sau nawa na ce in ka gama yi wa ƙudan zuma hayaƙi ka binne shi a ƙasa? Sau nawa?"

Murmushin ya ɓace. Ya waiga ƙofa, ya rage murya. "Wa ya gani ban da ke? Ki rubuta mafarauta ne, ai sun saba."

Sai yanzu ta dube shi, idanunta jajur. Ƙonewar dajin ta yi mata ciwo, amma wannan maganar ta fi ci mata rai.

"Da wutar ce kawai, da na yafe. Amma in ɗora wa bayin Allah laifinka, sannan in tare a gidanka?"

Ta rubuta sunansa a rahoton, yana tsaye yana kallo.

"Ka ce wa su Kawu jibi su huta."